Tsakanin Wuƙa da Gashi: Yadda Na Zaɓi Maganin Sankara Ina da Shekara 52

Mahaifina ya rasu a shekarar 1996 a wani ƙauye kusa da Kumo, kuma har aka binne shi babu wanda ya san sunan ciwon da ya yi ajalinsa. Abin da muka sani shi ne fitsari ya riƙa yi masa wuya, daga baya ya tsaya cak, aka kai shi asibiti aka sa masa roba, ya dawo gida yana ɓoye jakar a ƙarƙashin babbar riga don kada jikokinsa su gani. Ba a jima ba ciwon baya da na ƙugu suka kwantar da shi, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu aka yi masa saboda rikicin gona. Ni nake juya shi a kan shimfiɗa da daddare, ina ɗan shekara 25, kuma har yau ina tuna yadda yake cije leɓe don kada Inna ta ji nishinsa. Sai bayan shekara 27, ina zaune gaban likita a Gombe da takardar sakamakona a hannu, na gane ciwon da na yi jinya a wancan lokacin.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ina zaune a Pantami da iyalina. A 2022 na fara tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, kuma idan na tsuguna sai na jira kafin ya zo, in ya zo ma ba shi da ƙarfi. Na yanke wa kaina hukunci cewa sanyi ne, na sayi jiƙo a wurin masu tallan magani da lasifika a bakin kasuwa, na yi wata takwas ina sha. Ba don fitsarin na je asibiti ba, hawan jinina na je a duba. Wani matashin likita, wanda a shekaru bai wuce ɗaliban da na koyar ba, ya tambaye ni yadda nake barci, maganar ta kai ga tashin dare, daga nan ta kai ga mahaifina. Ya ajiye biro ya ce, “Malam, kafin ka tafi ina so a ɗebi jininka a yi wani gwaji da ake kira PSA.”

A bakinsa na fara jin cewa abin da ake kira sankarar mafitsara a rediyo sau da yawa ba a mafitsarar take ba. Akwai wani ɗan ƙulli da bai wuce girman goro ba a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar fitsari, shi yake samar da wani kaso na ruwan maniyyi, likitoci suna kiransa furostet. Ita wannan sankara ita ce ta fi kama maza a Najeriya, ta fi yawa a cikin baƙar fata, kuma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta haɗarinsa yakan ninka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce a farkonta yawanci ba ta nuna wata alama. Wahalar fitsarin da ta dame ni mai yiwuwa kumburin ƙullin ne kawai, wanda yake samun maza da yawa idan shekaru suka ja, ba sankarar ba. Wato abin da ya kai ni ga gwajin daban, abin da gwajin ya tono daban.

Shi gwajin PSA yana auna wani sinadari ne da ƙullin ke fitarwa cikin jini. Sakamakon ya nuna 11, alhali an fi samun kwanciyar hankali idan lambar ba ta wuce 4 ba. Likitan mafitsara da aka tura ni wurinsa ya ce wannan ba hujja ba ce tukuna, domin kumburi ko ƙwayar cuta ma suna iya ɗaga lambar, sai aka jira makonni aka sake, ta fito 12. Daga nan ya ce zai duba da yatsa ta dubura. Ba zan ɓoye ba, na kusa tashi in fita. Mutumin da ya shekara 26 yana tsayawa gaban aji, wanda yake jan salla a masallacin unguwa idan liman ba ya nan, an ce ya kwanta a gefe ya naɗe gwiwoyi. Duk abin bai kai minti ɗaya ba, amma na yi kwana biyu ina jin nauyinsa, kuma a yau idan na tuna cewa saboda wannan minti ɗayan na so in koma ga jiƙon kasuwa, sai in ji haushin kaina. Ya ji wani wuri mai tauri a gefe ɗaya, ya ce dole a tsakuro nama da allura a kai ɗakin gwaje-gwaje.

An yi wannan a watan Fabrairun 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya, ɗana ya wuni a layin masu POS kafin mu haɗa kuɗin gwajin. An tsakuro wuri 12, na yi kwanaki ina ganin jini a fitsari, sannan na jira mako uku. Takardar ta tabbatar da sankara ce, a jikinta kuma aka rubuta 3+4=7. Likitan ya yi min bayani cewa wannan ma'aunin Gleason ne, wanda a aikace yake farawa daga 6 ya tsaya a 10, kuma yana nuna muguntar ƙwayoyin idan aka dube su a madubin likita. Ya ce 3+4 ta fi 4+3 sauƙi, ko da yake jimillarsu ɗaya, domin lambar farko ita ce irin ƙwayoyin da suka fi yawa. A matsayina na malamin lissafi wannan ne karo na farko da na ga inda sauya wurin lambobi a tarawa yake sauya amsa, kuma na yi murmushi a ranar da ban zaci zan yi ba. Hoton MRI da na ƙashi, waɗanda sai da na yi tafiya kafin a yi min, sun nuna cewa ba ta fita daga ƙullin ba.

Na ɗauka daga nan likita zai ce ga abin da za a yi, ni kuma in bi, kamar yadda muka saba. Sai ya jawo takarda ya zana hanyoyi uku ya ce zaɓin nawa ne. Ta farko a yi tiyata a cire ƙullin gaba ɗaya. Ta biyu a yi gashi da na'ura mai ƙona ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi, kullum ban da ƙarshen mako, na tsawon mako huɗu zuwa takwas gwargwadon tsarin asibitin, a haɗa da allurar da ke rage sinadarin mazantaka na wasu watanni, domin da wannan sinadarin sankarar take rayuwa. Ta uku a sa ido kawai, ana gwaji a kai a kai, sai ta motsa a taɓa ta, hanyar da ya ce ta fi dacewa da mai lamba 6 fiye da ni. Na ce, “Likita, wacce ce za ta fi tsawaita min kwana?” Ya ce kwana na hannun Allah, amma idan lambobi nake so, akwai wani bincike da aka yi a Birtaniya wanda sakamakonsa na shekara 15 ya fito a cikin watan Maris na 2023 da muke ciki a lokacin.

Na sa ɗana ya nemo min shi a intanet, na zauna da biro kamar mai duba jarrabawa. Maza 1,643 masu shekara 50 zuwa 69 aka raba kashi uku a kan hanyoyin nan uku. Bayan shekara 15, kusan 97 cikin 100 sankarar ba ta kashe su ba, kuma tsakanin kason uku babu wani bambanci na a zo a gani. Inda bambancin ya fito shi ne wajen bazuwa: kusan 9 cikin 100 na waɗanda aka sa wa ido ta bazu a jikinsu, a masu tiyata da masu gashi kuwa kusan 5. Wannan ya kwantar min da hankali ta wani gefen, domin na gane ba gobe zan mutu ba, kuma ba dole ne in yanke shawara cikin firgici ba. Amma na lura da wani abu da takardar ba za ta faɗa min ba. Kusan dukkan mutanen Turawa ne, kuma suna ƙasar da ba a fasa gwaji don an rasa kuɗin mota ko don na'ura ta lalace. Sa ido a can da sa ido a nan ba abu ɗaya ba ne, ga kuma mahaifina a zuciyata. A ranar na soke hanya ta uku.

Da labari ya isa ga dangi sai shawarwari suka yi ta zuwa. Yayana ya zo daga Kumo takanas ya ce, “Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ita wannan cutar da zarar wuƙa ta taɓa ta sai ta watsu.” Kawuna ya kawo labarin wani mai magani a ƙasar Adamawa. Wani abokin aiki ya ce in sayar da gida in tafi Indiya. Wani kuma ya ja ni gefe ya raɗa min cewa maƙwabcinsa 'ya'yan maraina aka cire masa, in shirya. Wannan ta hana ni barci, har sai da likita ya warware min cewa ana yin haka ne, ko a yi allurar da ke aiki iri ɗaya, ga wanda tasa ta riga ta bazu, don a hana ta abincinta, kuma ni ba a wannan matakin nake ba. Batun wuƙa na watsa ta kuwa, ya ce yawancin waɗanda ake ba da labarinsu sun zo ne bayan ta riga ta watsu, tiyatar ta sha zargin da ba nata ba. Ɗana shi gashi yake so, hujjarsa Nelson Mandela, wanda aka yi wa gashi a 2001 yana da shekara 83 ya kuma rayu har 2013. Na ce masa ni 52 nake, tambayar da ke gabana ba irin tasa ba ce.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har uwargidana. Kowace hanya tana da abin da take karɓa a wurin mutum. Jijiyoyin da ke riƙe da ƙarfin namiji suna bi ta gefen ƙullin ne, don haka tiyata takan raunana shi nan take, wani ya dawo a hankali, wani ba ya dawowa. Tana kuma kawo yoyon fitsari na watanni, kaɗan daga cikin mutane ya zame musu na dindindin, kuma haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare, domin maniyyi ba zai sake fita ba. Gashi ya fi sauƙi wajen yoyo, amma yana iya taɓa hanji da mafitsara, raunin namijin kuma a hankali yake zuwa cikin shekaru, ita kuma allurar tana kashe sha'awa tana kawo kasala da zufa muddin ana yin ta. Mako uku ina ɗauke da wannan ni kaɗai, har na fara tunanin in ce mata likita ya ce babu komai.

A cikin azumi ne, bayan sahur, tana kwashe kwanuka, na ce ta zauna. Na yi ta kewaye-kewaye da magana har ta ce, “Malam, ka faɗi abin da ke ranka, an kusa kiran salla.” Na faɗa ina kallon tabarma. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “'Ya'ya shida Allah ya ba mu, ban san wanda muke nema kuma ba. Ni na ga yadda Baba ya ƙare, da hannuna na wanke kayansa. Amma tun da abin ya shafe ni, ba za ka sake zuwa wurin likitan nan kai kaɗai ba.” Haka kuwa aka yi. Ita ta tambayi abin da na kasa tambaya: wata nawa yoyon yake ɗauka, ko za a iya tsallake jijiyoyin, ko akwai magani idan raunin ya zo. Ita ta tambayi likitan tiyatar sau nawa yake yin irin wannan aikin a shekara, tambayar da na ji kamar rashin kunya ce, shi kuwa ya amsa ba tare da ya ɓata rai ba, har ya ce tambaya ce mai kyau. Ya ce zai yi ƙoƙarin tsare jijiyar gefen da babu ciwon, amma ba zai yi mana alkawari ba.

Maganar gaskiya, yoyon ya fi tayar min da hankali fiye da ɗayan, saboda tsarki. Na je wurin malaminmu na zaure bayan kowa ya watse na tambaye shi. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya yoyon da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala, sai dai an so ya sabunta ta, don haka sallata tana nan. Amma ya ce makaruhi ne mai yoyo ya limanci masu lafiya. Na fito daga zauren na san cewa idan na zaɓi tiyata, to zan bar gaban sahu, wataƙila na watanni, wataƙila har abada, kuma mutane za su tambayi dalili.

Na yi istihara, na kuma rubuta dalilaina a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Ina da sauran ƙarfin da zan jure tiyata. Idan aka cire ƙullin sannan cutar ta dawo, ana iya bin wurin da gashi, amma tiyata bayan gashi aiki ne mai wuya da haɗari, ba kowane likita yake yin sa ba. Bayan tiyata lambar PSA ya kamata ta faɗi kusan babu, don haka duk ranar da ta ɗaga za a gane da wuri. Sannan na haɗu da wani bawan Allah daga Bajoga a layin asibiti, wanda ya kama haya a wani gari don a yi masa gashi, ana tsakiya na'urar ta tsaya, ya yi makonni yana jira kuɗinsa na ƙarewa. Na'urorin nan kaɗan ne a ƙasar, layinsu kuma dogo. Waɗannan su ne dalilan da na rubuta. Akwai wanda ban rubuta ba, kuma ina jin shi ya fi nauyi: ina so a fitar min da abin da ya kwantar da mahaifina daga jikina, in san ba ya nan. Wannan ba lissafi ba ne, tsoro ne, kuma ban ga amfanin in yi wa mai karatu ƙaryar cewa da hankali kaɗai na zaɓa ba.

Na sayar da filin da na saya don ritaya, abokan aiki suka ba ni ɗaukar adashe kafin lokacina, yayana da ya yi adawa da aikin ya sayar da bijimi ya kawo kuɗin a leda ba tare da ya ce komai ba. An sa mana rana a watan Yuni a wani asibiti a Abuja, 'yan makonni bayan cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya wuce abin da muka tanada. Muka bi ta Alkaleri, Bauchi da Jos, ni da ita da ɗanmu.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, barci na yi. Abin da na sani shi ne na farka da roba a jikina, aka ce za ta yi mako biyu. Ranar da aka sallame ni na sa babbar riga, na ɗaga jakar fitsarin na ɗaure ta a ciki don kada a gani, sai na tsaya cak a bakin gadon, domin hannuna ya yi daidai abin da na ga hannun mahaifina yana yi. Na zauna na yi kuka, wanda ban yi ba ranar da aka ba ni sakamako. Uwargida ba ta ce min in yi haƙuri ba, ta dai gyara min wuyan rigar ta jira.

Da aka cire robar sai yoyon ya zo kamar yadda aka faɗa, har ya fi yadda na zata. In na miƙe tsaye, in na yi tari, in na ɗago daga ruku'u, sai in ji ɗumi. Nakan je kantin magani can wajen Tudun Wada in sayo famfas na manya, don kada mai kantin unguwarmu ya sani. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kam na san ma'anar karin maganar nan fiye da wanda ya ƙirƙire ta. An koya min motsa tsokar da ake matsewa idan ana riƙe fitsari, ina yi safe da rana da dare, har a cikin aji ina rubutu a allo. Na koma ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Da liman ya yi tafiya aka juyo ana nemana, na ce a gabatar da wani, ina da uzuri. Bayan sallar wani dattijo ya matsa min da tambaya, na gaji da ɓoyo na faɗa masa komai. Ya riƙe hannuna ya sassauta murya ya ce shi ma shekara biyu ke nan yana tashi sau biyar a dare, a ina ake yin gwajin?

Wata bakwai yoyon ya ɗauka kafin ya tsaya, yanzu sai dai ɗigo idan na yi atishawa mai ƙarfi ko na ɗaga buhu. Ɗaya batun kuwa ya fi shekara kafin a ga sauyi, da taimakon ƙwayar da likita ya rubuta bayan ya duba magungunan hawan jinin da nake sha, kuma bai koma yadda yake ba. Akwai dararen da na yi nadama, na ce da gashin na zaɓa. Mutumin Bajoga ya ƙarasa nasa gashin daga baya, muna gaisawa a waya, lambarsa tana ƙasa, bai taɓa sa famfas ba, shi kuma da nasa ƙorafin na hanji da kasala. Ba zan ce na fi shi dabara ba, shi ma bai ce ya fi ni ba.

Gwajin farko bayan mako shida ya nuna lambar ta sauka ƙasa da 0.1, naman da aka cire kuma ya nuna ba a bar komai a gefe ba. A shekarar farko duk wata uku nake gwaji, yanzu duk wata shida, kuma har yau daren da zan karɓi sakamako ba na barcin kirki. Na koma jan salla a azumin da ya biyo baya. Babban ɗana na faɗa masa ya fara gwaji da ya kai 45, ya rubuta a wayarsa yana dariya. Yayana ya yi nasa, lafiya lau. Saura ƙanena mai shekara 49, direban babbar mota, wanda ya ce shi babu mai sa masa yatsa. Na ce masa jini kawai za a fara ɗiba, na biya kuɗin, takardar tana aljihun rigata wata na biyu ke nan. Ya ce idan ya dawo daga Legas zai zo.